Yadda amana ta gushe tsakanin ma'aikata da iyayen gidansu

Duk wanda ya san unguwar Kakuri da ke birnin Kaduna a shekarun 1970 da 1980 zai iya tuna yadda titunanta kan cika maƙil da masu kekuna a duk lokacin da jiniyar masaƙu ta kaɗa, masu aikin dare na fitowa, na safe kuma na shiga.

A wancan zamani, saurayin da ya samu aiki a masaƙa yakan ɗauka cewa ya samu wurin zama ke nan. Da albashin zai yi aure, da shi zai sa 'ya'yansa a makaranta, idan ƙarfinsa ya ƙare kuma a sallame shi da haƙƙinsa ya koma garinsu.

Masaƙar KTL, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta kafa tare da wani kamfanin Birtaniya, ta fara aiki ne a 1957, aka kuma rufe ta a 2002. Kusan shekaru 20 bayan rufewar, ana ci gaba da ganin tsofaffin ma'aikatanta da matan waɗanda suka rasu suna bin gwamnonin jihohin arewa 19, masu mallakar kamfanin, suna roƙon a biya su haƙƙinsu na barin aiki.

'Ya'yan waɗannan ma'aikata sun taso suna kallon abin da ya samu iyayensu, kuma da yawa daga cikinsu su ne ma'aikatan yau.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙorafin da masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu ke yawan yi, cewa ma'aikatan zamani ba su da riƙon amana, ba su da kishin wurin aikinsu, ke buƙatar a dube shi da idon basira. Idan aka bi tarihin al'amarin a Najeriya da ma wasu ƙasashe, za a ga cewa amanar ta ginu ne a kan wani alƙawari mai ɓangare biyu, kuma a mafi yawan lokuta ɓangaren da ya fi ƙarfi ne ya fara saɓawa.

Alƙawarin da ba a rubuta ba

Tun kafin zuwan aikin albashi, ƙasar Hausa ta san dangantakar ubangida da yaronsa. Yaro kan yi shekaru yana tsaron rumfa, ko rakiyar shanu zuwa kudu, ko ɗauko goro, ba tare da wani tsayayyen albashi ba.

Abin da yake sa rai shi ne ubangida zai ci da shi, ya tufatar da shi, ya tsaya masa idan ya shiga matsala, ya yi masa aure, daga ƙarshe ya ba shi jari ya tsaya da ƙafafunsa.

Babu takarda a tsakaninsu, amma akwai idon jama'a. Ubangidan da ya ci gumin yaronsa ya sallame shi hannu rabbana, sunansa kan ɓaci a kasuwa. Yaron da ya ci amanar ubangidansa kuma da wuya wani ya sake ba shi ajiyar ko da kwabo.

Da aikin gwamnati da na manyan kamfanoni suka zo, sai wannan fahimta ta koma cikin sabon tsari. Ma'aikacin En'e, da na jirgin ƙasa, da akawun kamfanin UAC ko John Holt, duk sun san abin da ake bukata daga gare su: zuwa a kan lokaci, biyayya ga na gaba, da haƙuri da ɗan abin da ake biya.

A madadin haka akwai gidan kwatas, da asibitin ma'aikata, da rancen keke ko na mota, da ƙarin girma gwargwadon daɗewa, sai kuma uwa-uba fansho da garatuti.

Ma'aikaci yana sayar da ƙuruciyarsa da arha ne domin ya sayi kwanciyar hankali a tsufansa. Wannan shi ne cinikin, kuma muddin kowane ɓangare na da tabbacin ɗayan zai cika, abin da ake kira amana yakan ɗore.

Inda ɓaraka ta fara

A Najeriya, masu nazarin aikin gwamnati da dama kan nuna shekarar 1975 a matsayin lokacin da aka fara girgiza wannan tabbaci.

Bayan da Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki a watan Yulin shekarar, gwamnatinsa ta sallami ma'aikata sama da dubu 10 bisa zargin cin hanci, ko lalaci, ko tsufa, ko rashin lafiya. Wasu a rediyo suka ji sanarwar korarsu, kuma an umarce su da su bar ofis nan take.

Jama'a da dama sun yi na'am da matakin a lokacin, domin kuwa akwai ɓarna ta gaske a ma'aikatu. To sai dai kuma an haɗa da waɗanda ba a ba su damar kare kansu ba, kuma darasin da sauran ma'aikata suka ɗauka shi ne kujera ba ta da tabbas, don haka gara mutum ya tanadi abin da zai dogara da shi tun yana kai.

Akwai masu ganin cewa gyaran da aka yi domin kawar da cin hanci ya ƙara wa wasu ma'aikata dalilin yin sa.

Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake rage dubban ma'aikata a 1984, lokacin da kuɗin man fetur ya ja baya. Sai kuma shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986, wanda ya karya darajar naira, ya kuma sa albashin da a da ke riƙe gida ya kasa kai mutum tsakiyar wata.

Daga nan ne malamin jami'a ya fara kabu-kabu da motarsa, ma'aikaciyar ofis ta fara sayar da atamfa a ƙarƙashin teburinta. Jikin ma'aikaci na ofis, amma hankalinsa na can inda abincin 'ya'yansa zai fito.

Masaƙu, waɗanda yawansu ya haura 150 a faɗin ƙasar a lokacin da suke tashe, sun shiga nasu halin. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai sun ɗaga kuɗin sarrafa kaya, yayin da yadudduka masu arha daga China suka riƙa kwararowa, galibi ta hanyar fasa-ƙwauri ta iyakokin Nijar da Benin.

Bayan KTL, masaƙar Arewa ta bi sahu, sannan UNTL, wadda ita ce mafi girma a Kaduna, ta dakatar da aiki a 2007. Unguwannin masana'antu na Kano, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa, su ma sun ga irin wannan.

Ba Najeriya kaɗai ba

Ko da yake dalilan sun bambanta, abin da ya faru a Najeriya ya zo daidai da wani babban sauyi a ƙasashe masu arzikin masana'antu.

A Amurka, kamfanin kwamfuta na IBM ya shafe gomman shekaru yana alfahari da cewa ba ya korar ma'aikaci saboda koma bayan ciniki. Idan aikin wani sashe ya ƙare, sai a sake horar da mutum a tura shi wani sashen. A tsakiyar shekarun 1980 ma'aikatansa sun haura dubu 400.

Amma bayan asarar biliyoyin daloli a farkon shekarun 1990, kamfanin ya yi watsi da wannan al'ada, kuma a 1993 ya sanar da rage guraben aiki kimanin dubu 60. Zuwa 1994 yawan ma'aikatansa ya ragu da kusan rabi.

Kafin wannan, Jack Welch, wanda ya shugabanci kamfanin General Electric daga 1981 zuwa 2001, ya rage ma'aikata sama da dubu 100 a shekarunsa biyar na farko, alhali kamfanin na cin riba. Shi ne kuma ya shahara da tsarin auna manajoji duk shekara, a sallami kashi 10 cikin 100 da suka zo ƙarshe.

Abin da ya sauya a nan shi ne fahimtar wanda kamfani ke yi wa aiki. Tun a 1970 masanin tattalin arziki Milton Friedman ya yi ta jaddada cewa nauyin da ke kan kamfani shi ne ya ƙara riba ga masu hannun jari, muddin bai saɓa wa doka ba. Da wannan ra'ayi ya samu gindin zama, sai korar ma'aikata ta tashi daga matakin da ake ɗauka idan tura ta kai bango, ta koma wata dabarar faranta wa kasuwar hannun jari.

Lokacin da kamfanin sadarwa na AT&T ya sanar da rage ma'aikata dubu 40 a watan Janairun 1996, farashin hannun jarinsa tashi ya yi.

Hatta Japan, wadda ta yi suna da tsarin ɗaukar matashi daga makaranta a riƙe shi har ya yi ritaya, ba ta tsira ba. A 1999 kamfanin motoci na Nissan, ƙarƙashin Carlos Ghosn, ya sanar da rufe masana'antu biyar da rage ma'aikata dubu 21.

Ma'aikatan da ba na dindindin ba, waɗanda suke kimanin kashi 15 cikin 100 na masu aikin albashi a ƙasar ba a tsakiyar shekarun 1980, sun haura kashi ɗaya cikin uku daga baya. A 2019 shugaban Toyota na lokacin, Akio Toyoda, ya fito fili ya ce zai yi wuya kamfanoni su ci gaba da riƙe ma'aikata har tsawon rayuwarsu ta aiki.

A baya-bayan nan kuma, manyan kamfanonin fasaha da suka riƙa kwatanta kansu da iyali guda sun sallami dubban mutane cikin 'yan watanni. Kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami dubu 11 a watan Nuwamban 2022, Twitter ya kori kusan rabin ma'aikatansa a watan, sannan Google ya rage dubu 12 a Janairun 2023. Da yawa ta saƙon imel suka samu labari.

Ma'aikacin da ba na kowa ba

A Najeriya sauyin ya fi fitowa fili ne ta hanyar aikin wucin gadi da na kwangila.

A ƙarƙashin wannan tsari, mutum kan sa rigar kamfani, ya zauna a kantar kamfani, ya karɓi kuɗin abokan cinikin kamfani, amma a takarda shi ma'aikacin wani ɗan kwangila ne da ya kawo shi. Albashinsa bai kai na wanda ke kusa da shi yana aiki iri ɗaya ba, ba shi da tsanin ƙarin girma, kuma ana iya cewa kada ya zo gobe ba tare da wani dogon bayani ba.

Bankuna na daga cikin wuraren da abin ya fi ƙamari. Bayan da Babban Bankin Najeriya, a zamanin Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga jarin da ake bukatar kowane banki ya mallaka zuwa naira biliyan 25, yawan bankunan ya ragu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, kuma haɗewar ta ci ayyuka da dama. Wani zagayen sallamar ya biyo bayan garambawul ɗin da Sanusi Lamiɗo Sanusi ya yi a 2009.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa zuwa 2019, sama da kashi 40 cikin 100 na ma'aikatan bankuna 'yan kwangila ne.

A fannin man fetur ma, ƙungiyoyin NUPENG da PENGASSAN sun daɗe suna kokawa da wannan tsari, har ta kai ga Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kansa a 2011.

Dokar ƙwadago ta ƙasar ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takardar da ta fayyace sharuɗɗan aikinsa kafin cikar wata uku da fara aikin. Wasu kamfanoni kan kauce wa nauyin da ke biyo baya ta hanyar sallamar leburori kafin wa'adin ya cika, su sake ɗaukar su a matsayin sababbi.

Ƙungiyar ƙwadago ta NLC, lokacin shugabancin Adams Oshiomhole, wanda shi kansa daga masaƙar Arewa ta Kaduna ya taso, ta yi ta girke mambobinta a ƙofofin kamfanoni a farkon shekarun 2000 domin tilasta musu mayar da 'yan wucin gadi na dindindin. An samu nasara a wasu wurare, amma tsarin bai gushe ba, domin a ƙofar kowane kamfani akwai ɗaruruwan matasa da ke jiran gurbin wanda ya yi ƙorafi.

Wani lokaci rashin mutunta ma'aikaci kan kai wani mataki mai tayar da hankali. A watan Yunin 2020, 'yan sanda a Kano sun kuɓutar da ma'aikata sama da 100 daga wani kamfanin sarrafa shinkafa, waɗanda suka ce an kulle su a ciki kusan wata uku suna aiki lokacin kullen annobar korona.

Igiyar fansho

Wani abin da ya sauya dangantakar, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne tsarin fansho.

A tsohon tsari, ma'aikatar da mutum ya yi wa aiki ita ke da alhakin biyansa fansho, kuma adadin ya danganta ne da shekarun da ya yi da albashinsa na ƙarshe. Wanda ya bar aiki da wuri ya yi asara, don haka fansho ya zama igiyar da ke ɗaure ma'aikaci a wuri guda.

Amma gwamnatoci sun kasa cika alƙawarin. Kafin 2004 an ƙiyasta bashin fanshon ma'aikatan gwamnati ya kai kusan naira tiriliyan biyu, kuma ganin tsofaffi na faɗuwa a layin tantancewa ya zama ruwan dare.

Dokar fansho ta 2004, wadda gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kawo, ta buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa, inda shi da mai ɗaukarsa aiki ke zuba kashi bakwai da rabi cikin 100 kowannensu. Gyaran da aka yi wa dokar a 2014 ya mayar da shi kashi takwas daga ma'aikaci, kashi 10 daga wurin aikinsa.

Tsarin ya magance wata matsala, domin kuɗin na bin mutum duk inda ya koma, kuma rushewar kamfani ba ta cinye su. To amma ya kuma kwance igiyar. Ma'aikaci ba shi da abin da zai rasa idan ya tashi, kamfani kuma ba shi da wani nauyi a kansa da zarar ya fita ƙofa. Amurka ma ta bi irin wannan hanya tun daga shekarun 1980.

Gwamnati a matsayin ubangida

Da a ce gwamnati na nuna misali mai kyau, da watakila kamfanoni sun ji kunya. Sai dai tarihinta a wannan fage bai ba da ƙwarin gwiwa ba.

Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, amma sai a 2018 gwamnatin tarayya ta saki kimanin naira biliyan 22, wato kusan rabin abin da tsofaffin ma'aikatansa ke bi. Da yawa sun rasu kafin ranar ta zo.

A 2015 da 2016, jihohi da dama sun kasa biyan albashi, wasu na watanni masu yawa, har sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto. A jihar Kaduna, gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sanar a 2017 da sallamar malaman firamare kusan dubu 22 da ta ce sun faɗi jarrabawar gwaji, matakin da wasu suka yaba a matsayin ceto ilimi, ƙungiyoyin ƙwadago kuma suka yi tir da shi.

Malaman jami'o'i sun yi yajin aikin wata takwas a 2022 kan yarjeniyoyin da suka ce gwamnati ta sa wa hannu ta ƙi cikawa, ita kuma ta riƙe albashinsu bisa dokar ba aiki ba biya.

Ga kuma batun darajar albashin kansa. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira dubu 18 zuwa dubu 30 a 2019, sannan zuwa dubu 70 a 2024. Amma bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a 2024, ta yadda sabon albashin bai fi kuɗin buhun shinkafa guda a lokacin ba.

Martanin ma'aikata

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ma'aikatan da ke da wata ƙwarewa da ake nema sun ɗauki wannan shawara.

A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin dubu 16 ne suka bar Najeriya cikin 'yan shekarun da suka gabata. Hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta ce sama da mambobinta dubu 40 suka fita cikin shekaru uku. Birtaniya da Amurka da Kanada da Saudiyya na daga cikin ƙasashen da suka fi nufa.

Bankuna da kamfanonin sadarwa su ma sun koka da yadda ƙwararrunsu a fannin kwamfuta ke ajiye aiki, wasu su fita waje, wasu kuma su zauna a ɗakunansu suna yi wa kamfanonin ƙetare aiki ta intanet ana biyansu da dala.

A Amurka, mutane sama da miliyan 47 ne suka ajiye ayyukansu da kansu a 2021, adadin da ya ƙaru a shekarar da ta biyo baya, galibinsu domin komawa inda ya fi tsoka.

Wanda ba shi da hanyar tafiya kuma yakan janye zuciyarsa ya bar gangar jikinsa. Ya sa hannu a rajista ya fice, ya yi iya abin da zai hana a kore shi, ko ya nemi na goro kafin ya ɗaga fayil.

Masu ɗaukar aiki na da nasu ƙorafin, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Mai ƙaramar masana'anta da ya kashe kuɗi ya horar da matashi, ya wayi gari ya ga ya koma wurin abokin hamayyarsa, ko ya buɗe nasa da abokan cinikin da ya janye, zai yi wuya ya sake horar da wani. Ɗan kasuwar da yaronsa ya gudu da kuɗin kaya zai fi son ya ɗauki wanda zai riƙa biya kullum, ba tare da alƙawarin jari ba.

Ta haka kowane ɓangare ke kafa hujja da halin ɗayan, rashin yarda na haifar da wani rashin yardar.

A 2023 wani ɗan majalisar wakilai ya gabatar da ƙudurin da zai hana sababbin likitoci cikakken lasisi sai sun yi wa ƙasa aiki na shekara biyar. Ƙungiyoyin likitoci sun yi fatali da shi, suna masu cewa a gyara albashi da kayan aiki da tsaro, a ga ko za su tafi.

Shin da can ɗin gaskiya ne?

Akwai masu gargaɗin cewa kada a cika ƙawata zamanin da ya wuce.

A Najeriya, aikin dindindin mai fansho bai taɓa zama rabon mafi yawan jama'a ba. Manoma da 'yan tireda da masu sana'ar hannu ba su san shi ba, kuma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga na 2023 sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar suna ɓangaren da ba na hukuma ba ne.

A Amurka ma, matsakaicin shekarun da ma'aikaci ke yi a wuri guda bai sauya sosai ba: shekara uku da rabi ne a 1983, kusan huɗu kuma a 2024. Inda aka ga raguwa ƙarara shi ne a tsakanin maza masu shekaru 55 zuwa 64, daga kimanin shekara 15 zuwa kimanin 10. A Japan kuwa, maza ma'aikatan manyan kamfanoni ne suka fi cin moriyar tsarin, mata da ma'aikatan ƙananan kamfanoni na gefe.

Haka kuma tsohuwar biyayyar na da nata aibin. Ta sa wasu sun haƙura da zalunci saboda tsoron rasa fansho, ta ba wanda ya daɗe fifiko a kan wanda ya iya, ta kuma sa an rufa wa shugabanni asiri a kan ɓarnar da ya kamata a fallasa. Ba kowane yaro ne ubangidansa ya sallama da jari ba.

Duk da haka, ko da 'yan ƙalilan ne suka samu, aikin dindindin shi ne abin da iyaye ke nuna wa 'ya'yansu idan suna tura su makaranta. Rushewarsa ta taɓa har waɗanda ba su taɓa shiga ofis ba, domin ta raunana imanin cewa haƙuri da gaskiya a wurin aiki na da sakamako.

Abin da za a iya gyarawa

Da wuya a koma zamanin da mutum zai shiga kamfani yana saurayi ya fito da furfura. Fasaha na sauya ayyuka da sauri, kamfanoni kansu ba su da tabbacin kaiwa shekaru 30.

Amma misalai sun nuna cewa korar jama'a ba ita ce kaɗai mafita ba idan ciniki ya ja baya. A Jamus, lokacin matsalar tattalin arziki ta 2009, kamfanoni sun rage wa ma'aikata sama da miliyan ɗaya sa'o'in aiki maimakon sallamarsu, gwamnati ta cike musu wani ɓangare na albashin. Da kasuwa ta farfaɗo, ƙwararrun na nan a wurarensu. An sake amfani da tsarin ga kimanin mutane miliyan shida a 2020.

A Najeriya ma, a watan Mayun 2020, Babban Banki da shugabannin bankuna sun amince a dakatar da sallamar ma'aikata saboda annobar korona.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa ikonta, ta yanke hukunci a wasu shari'o'i cewa wajibi ne mai ɗaukar aiki ya ba da dalili mai ma'ana kafin ya kori ma'aikaci, saɓanin tsohuwar ƙa'idar da ta ba shi damar kora ko da babu dalili. Sai dai ma'aikata ƙalilan ne ke da halin ɗaukar lauya su jira shekaru.

Malaman addini kan tunatar da cewa Musulunci ya ɗora wa kowane ɓangare nauyi: ma'aikaci ya tsare aikin da aka ba shi domin amana ce, mai aiki kuma ya biya shi cikakken haƙƙinsa ba tare da jinkiri ba, kada ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da ma'aikatan yau ke nema bai kai alƙawarin riƙo har tsufa ba. Suna so a biya albashi a ƙarshen wata, a zuba kuɗin fanshon da aka cire musu a asusunsu, a ba su takardar da ta nuna matsayinsu, idan kuma rabuwa ta zo a sanar da su a kan lokaci, a ba su abin da doka ta tanada.

Wurin aikin da ya cika waɗannan na da bakin neman a yi masa biyayya. Wanda ya kasa kuwa, matasan da yake ɗauka sun riga sun ji labarin Kakuri daga bakin iyayensu.